Sunan Ɗan Farin Barira

A littafin gidan gyaran hali na yara, inda ya yi wata shida da kwana tara, sunansa Ja'afar Sule, shekara goma sha shida, laifinsa satar kayan al'umma. A Toranke kuwa, cikin ƙasar Ajingi, kowa da sunan da yake kiransa. Abokai su ce Jafa. Tsofaffi su ce Mai Sunan Malam, domin sunan kakansa na wajen uba ya ci. Mahaifiyarsa Barira ce kaɗai ba ta da sunan da take kiransa. In zancensa ya kama dole, sai ta ce "wancan".

Ba wanda ya taɓa ganin aibun haka. Ɗan fari ne, ga shi kuma da sunan suruki, kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. A gidan da Barira ta fito, mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa sashenta. Ita ya tashi yana kira Inna. Barira kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannen babansa na faɗa. Sai da ya kai shekara bakwai wani yaro ya gaya masa a wurin kiwo cewa Yayar nan ita ta haife shi. Ya fasa wa yaron baki don ya yi masa ƙage, ya dawo gida ya tarar gaskiya ce.

Kakar ta rasu yana da shekara goma sha biyu, uban ya bi ta da shekara ɗaya. Ja'afar ya koma ɗakin soro, shi da Barira suka ci gaba da zama gida ɗaya suna magana da iska. Ta tsaya tsakar gida ta ce, "In akwai mai jin yunwa, ga tuwo can a rufe." Shi kuma daga soro ya ce, "An gode." Uban ya bar gona ɗaya a bayan gari, gero da gyaɗa, daga ita Barira da ƙannensa uku suke ci. Ja'afar ke noma ta. Ƙanen uban, Baffa Kabo, ya sha cewa aikin ya yi wa yaro yawa, gara a ba shi ya riƙe wa marayu. A Toranke an san yadda gonar riƙo take daɗewa ba ta gane hanyar gida ba.

Rijiyar burtsatsen da ta kai shi gidan yara, wani ɗan siyasa ne ya kawo ta ana saura wata biyu zaɓe. Aka kafa tanki a kan ƙarfe huɗu, aka ɗora farantan sola biyu, aka kafa allo mai hoton mutumin yana murmushi. Ranar ƙaddamarwa aka murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa, aka ɗauki hoto. Ruwan ya yi kwana ɗaya da wuni. Daga baya aka gane 'yan garuwa ne suka cika tankin tun jajibere. Injin da zai jawo ruwa daga ƙasa, an ce yana kan hanya. Shekara uku yana kan hanya.

Ja'afar ya bar makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare, amma darasi ɗaya ya zauna masa, cewa rana na iya zama wutar lantarki. Kullum ya wuce sai ya ga farantan nan suna shan rana a banza. Wata ranar kasuwar Ajingi, da hantsi, ya ari sifana a wurin mai faci, ya hau ya kwance ɗaya. A ka ya ɗauko shi, ta tsakiyar gari. Mutum huɗu suka yi masa sannu da aiki. Wani tsoho ma ya kama masa ya sauke.

Ya samo tsohon batirin mota, ya kafa teburin cajin waya a ƙofar gida. Wata biyar rabin wayoyin unguwar a wurinsa suke shan wuta. Har da ta Baffa Kabo, wanda shi ne idon ɗan siyasar a mazaɓar, bai kuma taɓa tambayar daga ina farantin ya fito ba.

Sai kakar siyasa ta sake kewayowa, aka shirya sake ƙaddamar da rijiyar, da sabon fenti da sabon hoto. Masu fenti ne suka lura faranti ɗaya ya rage. Takardar ƙara ta ce yaron ya hana al'umma ruwan sha. Shaidu uku aka kawo, dukansu wayoyinsu na kan teburin ranar da aka zo kama shi. Ɗaya ma ya roƙi 'yan sanda su dakata tasa ta cika kafin a kwashe kayan shaida.

Alƙali ya yanke masa shekara ɗaya a gidan gyaran hali, can cikin Kano. Amma ya ce in ya yi wata shida za a sake duba maganar, muddin uwa ko waliyyi zai karɓe shi, jami'ar kula da walwala kuma ta rubuta cewa gidansu ya dace. Baffa Kabo ya ce da son ransa ne da shi zai tsaya, to amma maigidansa ɗan siyasar zai ga sunansa a takarda. Saura Barira ke nan. An kai Ja'afar ana cikin girbi. Ya ƙirga da yatsu, ya ga wata shidan zai cika daidai ruwan shuka. In bai fito a lokacin ba, ya san wanda zai shuka gonar.

Yara arba'in da bakwai ya tarar a gidan. Ana koya musu ɗinki da keke biyu, ɗaya ba allura. Amma babban darasin gidan ranar Alhamis ake yinsa, ana kiransa zaman nadama. Baƙi sukan zo daga ƙungiyoyi da kwalin sabulu da biskit, a shimfiɗa tabarmi, a fito da yara biyar ko shida su faɗi yadda suka yi da-na-sani, a ɗauki hoto ta baya don doka ta hana nuna fuska.

Gwanin wannan fage shi ne Zunnuraini, ɗan Goni na Kademi, shekara goma sha bakwai. Babur ɗin wani baƙo ya ɗauka a wurin ɗaurin aure don ya gwada burki, ya yi ta gwadawa har Wudil. Da ya ji Ja'afar ɗan ƙasarsu ne sai ya ja shi gefe.

"Ɗan Toranke, saurara. Kada ka ce talauci, sai su ga kamar da su kake. Ka ce sharrin shaiɗan ne da abokan banza. In ka zo kan 'mahaifiyata' sai ka tsaya, ka haɗiyi yawu, ka kalli ƙasa. A daidai nan sabulu yake fitowa."

"To ni ba ni da abokan banza. Ni kaɗai na hau."

"Ka ara mana. Ga ni nan, aikin me nake?"

Alhamis ta farko da aka fito da shi, wata Hajiya mai gilashi ta tambaye shi abin da ya fi yin nadama a kai. Ja'afar bai iya ƙarya ba. Ya yi tunani sosai, ya ce da ya sani da farantin baya ya kwance, don na gaban ne ake hangowa daga hanya. Ba a sake sa shi a jerin masu magana ba. Aka mayar da shi cikin masu tafi.

Lahadin farko ta kowane wata ake ziyara. Tun daga bakin ƙofa ake jin muryar Falmata, mahaifiyar Zunnuraini, wanda shi ne na bakwai a ɗakinta: "Zunnuraini! Fito in gan ka, ɗan banza mai gwada burki!" Sai ta zazzage shi da faɗa, ta kama kunnensa tana duba ko ya rame. Ja'afar kuwa a bakin famfo yake zama ranar, yana wanke rigar da ya riga ya wanke. Bai sa rai ba. Macen da ba ta shiga soro in yana ciki, me zai kawo ta Kano? Duk da haka duk wadda ta shigo sai ya ɗaga kai.

Nadamar da ba ta sabulu ba, da la'asar ake yin ta, a bayan ɗakin girki, ana tsince wake. Nan wani ya ce shi abin da ke cin ransa ƙanwarsa ta yi saukar Alƙur'ani ba ya nan. Wani ya ce har yanzu a ƙauyensu an ɗauka yana koyon walda a Fatakwal, yana tunanin yadda zai koma bai iya riƙe ƙarfe ba. Zunnuraini ma, ranar da Falmata ta tafi, bai yi barkwanci ba. Ya ce ta daina zuwa biki da suna, don in ta shiga sai mata su yi shiru.

"Wannan ba ka faɗa ranar Alhamis," in ji Ja'afar.

"Hauka nake? Su ɗauki wannan a waya?"

A wata na huɗu jami'ar walwala ta kira shi ofis. Malama Ummu Salma sunanta, matashiya ce, ba ta da mugunta ko kaɗan. Tana da wata takarda da aka raba musu a wata bita da aka yi a otal, mai auna shaƙuwar uwa da ɗa.

"Mahaifiyarka tana kiranka da sunanka?"

"A'a."

"Tana zama ku yi hira?"

"A'a."

"Tana kallon idonka in tana maka magana?"

Ja'afar ya yi dariya, ya zaci wasa take. Da ya ga biro na jira sai ya ce a'a.

"Me kake ce mata?"

"Yaya."

Malamar ta ajiye biro. Ta ce ta je Toranke makon jiya. Ta tambayi Barira labarin ɗanta, Barira ta lissafa mata ƙananan uku, ta ce duk lafiyarsu ƙalau. Ta tambaye ta ko tana kewar babban, Barira ta ce bari ta duba wuta, ba ta dawo ba sai da baƙuwa ta tashi tafiya, sannan ta biyo ta da kwanon gyaɗa.

"Malama, ɗan fari ne ni."

"Na sani, Ja'afar. Kakata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan babana ba. Amma takardar nan gurbi biyu gare ta, e da a'a. Ka sami a'a bakwai."

Ta ce hanya ɗaya ta rage. Ranar sake duba shari'a a Gaya, uwar ta zo da ƙafarta, ta faɗi sunansa da bakinta a gaban alƙali, ta ce ta karɓe shi. Ja'afar ya fito daga ofis ya gaya wa Zunnuraini cewa shekara zai yi.

Mai gadin gidan tsohon soja ne, ana ce masa Baba Kofur, mutum mai riƙe doka da hannu biyu. Wata ranar Litinin Ja'afar na shara a bakin ƙofa ya ji shi yana yi wa mai shayi ƙorafi.

"Sau uku ke nan matar nan na zuwa. Na ce wa kike nema, ta ce wancan. Na ce wane wancan, arba'in da bakwai ne a ciki, kowa wancan ne. Ta ce na Toranke. Na ce baiwar Allah, littafina na sunaye ne, ba na garuruwa ba. Sai ta koma gindin darbejiyar can ta zauna har la'asar, ta bar ƙulli ta ce a ba shi."

Ja'afar ya tsaya da tsintsiya a hannu. "Baba Kofur, me ke cikin ƙullin?"

"Ƙuli-ƙuli ne da yaji. Yajin da daddawa, hannunta da daɗi."

"Yana ina?"

"Doka ta hana ajiye abincin da ba suna."

"Tana da tabon ƙuna a hannun hagu?"

Kofur ya dube shi sama da ƙasa. "Au, kai ne wancan ɗin? To me ya hana ta faɗa?"

Daga Toranke zuwa ƙofar nan, sai an hau babur zuwa Ajingi, a shiga mota zuwa Kano, a sake neman mai adaidaita. Barira ba ta taɓa wuce Gaya ba. Kuma ba za ta ce wa kowa wurin ɗan farinta za ta ba, don dariya za a yi mata, ke nan sau uku tana ƙirƙiro dubiyar wani mara lafiya. Ja'afar ya ƙarasa sharar, ya sake share inda ya riga ya share.

Da la'asar a wurin tsintar wake ya ce wa Zunnuraini, "Farantin nan har gobe ban yi nadamarsa ba. Amma matar nan shekara goma sha shida tana riƙe da abu ɗaya, ni zan sa ta ajiye shi a gaban maza saboda cajin waya."

"Kai, wannan ta yi kyau," in ji Zunnuraini. "In ara?"

Ja'afar ya jefe shi da wake.

An kai shi Gaya ranar wata Laraba, hadari na ta haɗuwa yana watsewa a gabas. Ɗakin shari'ar ƙarami ne, amma ya cika. Labari ya riga ya zaga Toranke cewa yau za a sa Barira ta faɗi sunan, mutum tara suka bar sharar gona suka zo gani. Baffa Kabo na benci na gaba, ya ce shi ɗan kallo ne. Wani ya raɗa wa Ja'afar cewa Baffan ya riga ya kai amalanke shida na taki gonar.

Barira na can kusurwa, ta ja mayafi har kan hanci. Ta rame. Ba ta kalli inda yake ba, shi ma ya kalli fanka.

Alƙalin dattijo ne, ba mai gaggawa ba. Ya sa aka matso da ita.

"Baiwar Allah, kin san yaron nan?"

"Ana ganinsa."

"Mene ne tsakaninku?"

"Gida ɗaya muke."

"Ɗanki ne?"

Ta kalli tabarma. "Haka ake faɗa."

"To, alhamdu lillahi, mun matsa. Sunansa fa?"

"Sunan Malam gare shi."

"Wane Malam? Ni ma Malam ne, magatakarda ma Malam ne."

Aka yi dariya a baya. Malama Ummu Salma ta miƙe ta roƙi a bari ta karanto sunaye uku, in an zo kan nasa uwar ta ɗaga kai. Magatakarda ya duba takarda ya ce abin da aka rubuta shi ne "da bakinta", ba a ce da kanta ba. Alƙali ya ce ba wanda zai matsa mata. In yau bai yiwu ba, sai a ɗaga zuwa zama na gaba, bayan wata uku.

Wata uku, gero ya yi kai ke nan. Baffa Kabo ya gyara zaman hularsa.

Ja'afar ya saci kallonta. Bakin mayafin na motsi, tana buɗe baki tana rufewa kamar mai ƙoƙarin haɗiye magani. Mutanen Toranke sun miƙo wuya. Ɗaya har ya fito da waya. Sai kawai ya ji kansa yana magana.

"Allah ya gafarta Malam, a mayar da ni. Wata shida ne ya rage, zan ƙarasa, ana ma koya mana ɗinki. A ƙyale ta ta tafi gida. Ni dama kakata ce ta riƙe ni, matar nan ban wani san ta sosai ba, makwabtaka ce kawai ta..."

"Ja'afaru! Rufe mana baki, manya na magana!"

Da ƙarfi ta faɗa, har da nuna shi da yatsa, idonta cikin nasa. Ita kanta sai da ta waiga, kamar wata ce ta yi magana a bayanta. Sannan ta ja mayafin ta rufe fuskar gaba ɗaya.

Magatakarda ya ɗaga biro. "Allah ya gafarta Malam, Ja'afaru ta ce. A takarda Ja'afar ne."

"Rubuta," in ji alƙali. Ya juya wajen mayafin. "Kin karɓe shi?"

Daga ciki aka ce, "A sako shi ya je ya yi aikin gabansa."

"Wannan ma rubuta, karɓa ce."

A waje Baffa Kabo ya fi kowa hamdala. Ya ce takin nan dama don marayu ya zuba, Allah ne shaidarsa. Ja'afar ya durƙusa ya yi masa godiya yadda ya kamata, a gaban mutum tara, don kada maganar ta canza daga baya.

A tasha ɗan kamasho ya tambayi Barira ko ita kaɗai ce. Ta ce mutum biyu ne, ba ta nuna na biyun ba. Ta zauna a gaba cikin mata, shi ya shige can baya tsakanin buhuna. Har Ajingi yana kallon bayan kanta. Ya sha jin sunansa a bakin malamai da 'yan sanda da Baba Kofur, amma bai taɓa jin an ja ƙarshensa haka ba, kuma bai san ko daɗi ya ji ko tsoro ba.

Kafin su isa Toranke labarin ya riga su ta waya. Matan unguwa suka sa mata Barira 'yar boko. Wasu tsofaffi suka ce zamani ya lalace, wasu suka ce ai kotu ce ta tilasta, ba ya cikin lissafi. Bikin suna biyu aka yi a unguwar cikin makon nan, ba ta je ko ɗaya ba.

Ruwan shuka ya sauka ranar Talatar da ta biyo baya. Ja'afar ya fita da sungumi tun da sassafe, ƙannensa biyu na binsa suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Kwana uku suka yi. Ƙasar ta sha taki fiye da kowace shekara tun rasuwar babansu.